"Wasa ne fa" ba uzuri ba ne

1/ Bari yau in faɗi abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Kalmar nan "wasa ne fa" ta illata da yawa daga cikinmu, kuma har yanzu kare ta muke yi.

2/ Ina aji ɗaya a jami'a na tashi amsa tambaya a lacca, in'ina ta kama ni. Wani daga baya ya kwaikwaye ni, aji ya kwashe da dariya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Yanzu ina aji uku, ban sake ɗaga hannu ba. Shi kuwa wallahi na tabbata ya manta.

3/ Da na faɗa wa abokina, cewa ya yi "kai ma ka cika sa abu a rai, yi haƙuri." Kullum haka ne. Wanda aka yanka shi ake ba haƙuri, mai wuƙar ko harara ba a yi masa.

4/ "Ke kin ƙara baƙi fa." "Ɗan wane ya gama, kai kana nan." Ka yi magana a guruf ɗin WhatsApp, kowa ya gani ya share ka. Guda ɗaya ba komai ba ne, na yarda. Amma kullum? Dare ya yi kana ta juya maganar, barci ya ƙi zuwa, karatu ya ƙi shiga, ka fara gudun mutane. Sai a ce ka zama miskili.

5/ Kar wani ya kawo min zancen wasan taubasai ko na Kanawa da Zage-zagi. Can kowa na ramawa, kowa na dariya. Nan mutum ɗaya ne ya yi shiru.

6/ Mu ba mu yarda ƙwaƙwalwa na ciwo ba sai mutum ya tuɓe a titi, a ce "a kai shi Dawanau". Ƙasar ma sai 2023 ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a madadin ta 1958 da Turawa suka bari.

7/ Masu cewa "mu ma haka aka yi mana, ga mu lafiya lau": haba malam, kai da ke zagin baƙo a Facebook ƙarfe biyu na dare?

8/ Gobe ina da lacca ƙarfe takwas, kuma zan ɗaga hannu. Wanda ya yi dariya, zan juya in tambaye shi mene ne abin dariyar.