Da tsohuwar zuma ake magani: Tsofaffin gidajen Tambuwal da Kebbe ba na rushewa ba ne

Kowace damina sai an yi asarar wasu tsofaffin gine-gine a kudancin Jihar Sakkwato. Soro ya tsage, zaure ya rufta, rumbun da ya ciyar da zuri'a guda ya zama tarin ƙasa. Masu gida sun koma birni ko sun gina na bulo da kwano a gefe, tsohon kuma an bar wa awaki da ƙadangaru. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe wannan ya zama ruwan dare, har ba a ɗaukar sa a matsayin asara.

Amma asara ce, kuma ta kuɗi ce kafin ta zama ta tarihi.

A karkarar Ingila da Faransa, manomi ba ya gaggawar rushe tsohon ɗakin dutse da kakansa ke ajiye hatsi da dabbobi. Yakan gyara rufi, ya sa ruwa da wuta, ya mayar da shi masaukin da 'yan birni ke biya su kwana lokacin hutu. A Faransa har ƙungiya aka kafa ta irin waɗannan masaukai, Gîtes de France, tun 1955, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne rage yadda ƙauyuka ke zama kufai.

Wani zai ce wannan harkar Turawa ce. To, a leƙa Jamhuriyar Nijar. A ƙauyen Dandaji da ke yankin Tawa, mutanen gari sun buƙaci sabon masallaci, tsohon na ƙasa kuma ya fara lalacewa. Maimakon a rushe shi, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun yi aiki da maginan gargajiya aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi. An kammala aikin a 2018. A Argungu ma, fadar da aka gina a 1831 ita ce yau Gidan Tarihi na Kanta. Ke nan bai wa tsohon gini sabon aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Haka shi ma ginin dutse. Ganuwar Surame, babban birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, da duwatsu aka yi ta, kuma har yau ana ganin ragowarta a Jihar Sakkwato. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Sai dai abin da Tambuwal da Kebbe suka fi da shi shi ne ginin tubali, rufin azara, zaure mai daurin guga da rumbunan laka. Irin wannan gini yana riƙe sanyi da rana a watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ke zama kamar tanda. A wurin da wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan kaɗai abin sayarwa ne.

To, wa zai kwana a ciki? Nan ne ya kamata a cire wa kai ruɗu. Ba Bature ɗan yawon buɗe ido za a jira ba. Tambuwal na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma gari ne mai tarihi da ake dangantawa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai baƙin biki da na ta'aziyya da ake rasa inda za a sauke su. Akwai 'yan asalin yankin da ke Abuja, Legas da Kaduna, masu zuwa Sallah da iyalansu. Akwai 'yan kasuwar hatsi da albasa, ma'aikatan lafiya, da ɗaliban tarihi masu bin sawun jihadi. Da yawansu idan dare ya yi sai su nufi Sakkwato ko Birnin Kebbi, kuɗin kwanansu da na abincinsu su bi su.

Babbar hujjar masu sukar wannan tunani ita ce tsaro, kuma hujja ce mai nauyi. Ƙauyukan Kebbe da ke kusa da daji sun sha hare-haren 'yan bindiga, wasu sassan Tambuwal ma ba su tsira ba. Mutumin da ya bar gonarsa don tsira da rai ba maganar masaukin baƙi ce a gabansa ba. Duk wanda ya zuba jari a ƙauyen da mazauna cikinsa ba sa barci da ido biyu, ya yi wa kansa.

Sai dai wannan ba dalili ba ne na naɗe hannu. Dalili ne na bin abu daki-daki. A fara da cikin garin Tambuwal da manyan garuruwan bakin titi. A wuraren da hankali bai kwanta ba kuwa, a yi abin da ba ya cin kuɗi sosai: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, sauya azarar da gara ta ci. Zaman lafiya zai iya dawowa, amma soron da ya faɗi ba ya tashi.

Matsala ta biyu ita ce gado. Yawancin tsofaffin gidajen nan na magada ne masu yawa, kowa na da haƙƙi, ba mai ɗaukar nauyi. Kafin a sa hannu a gyara, wajibi ne a zauna da malamai da dattawa a fitar da rabon kowa, a rubuta yarjejeniyar wanda zai kula da yadda za a raba riba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka a karkara, don haka ba sai an je nesa ba.

Ta uku ita ce gyaran kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti na tsare danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ya zube. Tsofaffin magina sun san makuba da laso, kuma suna ƙarewa ba tare da almajirai ba. Kowane gida da aka gyara a hannunsu makaranta ce ga matasa. Abin da zamani zai ƙara shi ne banɗaki mai tsafta nesa da bangon ƙasa, ruwa, wutar sola da ragar sauro a taga.

Aikin hukuma a nan ba gina otal ba ne. Ƙananan hukumomin biyu, tare da hakimai da sarakunan magina, su ƙidaya tsofaffin gine-ginen da suka rage, su tantance masu gyaruwa. Gwamnatin jiha ta sauƙaƙa rajista da haraji ga ƙananan masaukai, masu masaukin kuma su riƙa rubuta sunan kowane baƙo saboda tsaro. Attajirai da 'yan siyasar yankin, waɗanda ba su da ƙarancin gidaje a Abuja, su fara da gidajen kakanninsu.

Gida ɗaya da aka gyara ya samu baƙi ya isa ya sa maƙwabta su sake kallon nasu. Damina mai zuwa ba za ta jira a gama shawara ba.