Shawara Don Gida: Fankar Ɗakin Wanka

Wata uwargida ta tambaye mu, ta ce sun sa fanka mai fitar da iska a ɗakin wanka, amma bango bai daina fumfuna ba.

Sau da yawa laifin wurin da aka kafa ta ne. Tururi sama yakan tashi, saboda haka a sa fankar can sama, dab da silin, wajen da ake wanka. Ta kuma yi nesa da ƙofa. In tana kusa da ƙofa ko taga, iskar da ta shigo ita za ta fitar, tururin kuwa ya zauna abinsa. A bar ɗan fili a ƙarƙashin ƙofa, kamar kaurin yatsa, gama fanka ba ta fitar da iska sai wata ta shigo.

Kada ta hura cikin silin. Laima za ta ruɓar da katako, gara kuma ta sami gida. Bakinta ya fita waje, da raga saboda sauro. Amma fa ba wajen tagar maƙwabci ba!

Maigida, a nan sai ka yi hankali ƙwarai. Kada a sa ta inda ruwa zai fantsama, ko inda yaro zai taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Makunni ya kasance a waje, mai aikin lantarki kuma shi zai haɗa wayar. Bayan wanka a bar ta tana juyawa minti 15 ko 20.