Kyanwa Ta Mutu: Me Ya Kashe Ta?

Yara, akwai wata magana da manya suke yawan gaya wa yaro idan kyanwarsa ta mutu. Sai su ce: «Haba, share hawayenka, ai kyanwa ce kawai!» Daga nan a jefar da mushen a juji, kowa ya kama harkarsa. Ni ban yarda da wannan ba. Yaron yana da damar ya yi kuka. Manya kuma bai kamata su tashi daga wurin ba sai sun gano abin da ya kashe ta, domin sau da yawa abin yana nan cikin gidan, yana jiran wani.

Bari in kai ku wata ƙasa mai nisa inda za mu ga wannan al'amari sosai. Ku sa yatsa a kan taswira, daga Maraɗi ko Damagaram, ku yi gabas, ku ƙetare Cadi, ku shiga Sudan. Can akwai manyan koguna biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, waɗanda suke haɗuwa a birnin Hartum. Ƙasar da ke tsakaninsu ana kiranta Jazira, wato tsibiri da Larabci. Babban birninta shi ne Wad Madani. A Jazira da bakin Shuɗin Nilu akwai ƙauyukan Hausawa da yawa. Kakannin wasu maniyyata ne da suka taso da ƙafa za su Makka, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi cikin 1903. Garin da Mai Wurno ya kafa kudu da Sinnar har yau da sunansa ake kiransa. Yaran can suna jin Hausa kamar ku, sai dai a kasuwa da makaranta Larabci suke yi. Kyanwar da ku kuke ce wa mage ko mussa, maƙwabtansu Larabawa «kadisa» suke ce mata.

A 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka ja ruwan kogi cikin manyan magudanai zuwa gonakin Jazira. Aka yi ta noman auduga da dawa da alkama da gyaɗa. To, inda hatsi ya yi yawa ɓeraye ba sa nisa, shi ya sa kyanwa take da daraja a gidan manomi. Ita ce mai gadin rumbu da dare, kuma ba a biyanta ko sisi. Auduga kuwa ƙwari suna sonta, saboda haka tun shekarun 1940 aka fara yi mata feshin magani, daga baya har da jirgin sama. Maganin ƙwari da maganin ɓera suka zama kayan yau da kullum. Abin da aka saba gani kullum, a hankali sai a daina tsoronsa. Daga gona ya biyo manomi gida, ya sami wurin zama ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure.

Mu ɗauka wata yarinya ce a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Tana da kyanwa fara mai baƙin kunne, wadda take bin ta har bakin randa. Ɓeraye sun dami gidan, Baba ya sayo magani a kasuwa, ya cuɗa da tsaki, ya ajiye a kusurwar ɗakin hatsi. Da safe aka tarar da kyanwa a miƙe bayan murhu. Baba ya yi mamaki, ya ce: «To ai kyanwa ba ta cin tsaki!» Gaskiyarsa. Ba tsakin ta ci ba, ɓeran da ya ci tsakin ta cinye.

Ga yadda abin yake faruwa. Akwai wani maganin ɓera, baƙin gari ne mai wari kamar na tafarnuwa. Idan ya shiga ciki ya haɗu da ruwan tsami na tumbi, sai ya saki wata iska mai guba wadda take lalata huhu da zuciya da hanta. Ɓera ba ya iya amai, saboda haka garin yana nan cikin cikinsa ko bayan ya mutu. Kyanwar da ta cinye shi har da kayan ciki ta haɗiyi gubar ke nan. Wannan guba ba ta da makari. Akwai wani iri kuma da yake hana jini daskarewa. Shi ba ya kisa nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 5. Cikin kwanakin nan ɓera yana yawo a galabaice, ya kasa gudu, kyanwa ta kama shi cikin sauƙi, yau ɗaya, gobe ɗaya, har guba ta taru a jikinta. Wannan irin yana da makari, bitamin K, idan an kai ga likitan dabbobi da wuri.

Ku duba inda lissafin ya ƙare. An sa guba don a kashe ɓeraye, mai gadi ta mutu. Ɓera kuwa cikin sati 3 take haihuwa, kuma ba ɗaya take haifa ba. Kafin damina ta zagayo sun cika ɗakin fiye da da. A ganina, gidan da ke da kyanwa da ƙananan yara tarko ya fi dacewa da shi, da toshe ramu, da rufe hatsi da kyau.

Ba maganin ɓera ne kaɗai yake kashe kyanwa ba. Kun san yadda take zama tana lasar jikinta. Duk abin da ya taɓa gashinta ko tafinta, cikinta zai ƙare. Idan ta taka inda maganin feshi ya zube, ko ta kwanta a kan rigar da aka yi feshi da ita, ta sha shi ke nan. Wani kuma tausayi ne yake sa shi kuskure. Ya ga kyanwa ba ta da lafiya, sai ya ɓallo farasitamol ya ɗura mata. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wannan magani kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Sai kuma randa ko duro da aka bari a buɗe: ɗan kyanwa ya hau ya leƙa, ya zame, bangon yana da santsi, ba mai jin kukansa da dare.

Yanzu ga tambayar da nake yi wa malaman da nake horarwa, ku ma ku amsa. Wane ne a cikin gida yake bin hanyoyin da kyanwa take bi? Wa yake shiga ƙarƙashin gado, ya leƙa bayan ƙyaure, ya dafa bakin duro, ya kai duk abin da ya tsinta baki? Ƙanenku ne mai rarrafe. Tsayinsu ɗaya da kyanwa, idonsu abu ɗaya yake gani. Tsakin da aka cuɗa da guba, a wurinsa abinci ne. Kananzir da aka zuba a kwalbar lemo, a wurinsa lemo ne. Jikinsa ƙarami ne, ɗan kaɗan ya ishe shi. Saboda haka idan kyanwa ta mutu ba zato, kamar an buga wa gidan gangar gargaɗi ne. Wanda ya ce «kyanwa ce kawai» ya toshe kunnensa.

Mu koma wurin yarinyar da ke kuka. Kada wanda ya yi mata dariya. Addini bai raina kyanwa ba. Wani babban sahabi an san shi da laƙabin Abu Huraira, ma'anarsa mai ƴar kyanwa, saboda wadda yake ɗauka yana wasa da ita. Kun kuma ji a makarantar allo labarin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba har ta mutu. Zuciyar da take jin zafin mutuwar dabba zuciya ce mai rai. Yarinyar tana iya kasa cin tuwo da dare, tana iya jin kamar kukan kyanwar a tsakar gida, kwana biyu ko sati. Wannan ba ciwo ba ne, zai wuce. Abin da yake rage shi shi ne magana. Ta gaya wa Inna ko Kaka abin da ke ranta. Ta zana hoton kyanwar a littafinta, ta rubuta sunanta a ƙasa. Malamin kirki kuma ba zai ɓata komai ba idan ya ba ta minti biyar ta ba ƴan aji labari.

Abin da ya fi kuka nauyi shi ne zargin kai. Yaro ya kwanta yana ta juyayi: «Da na rufe randar nan!» Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Idan kai ne ka bar randa a buɗe, faɗi gaskiya, amma ka tuna ba da nufi ka yi ba. Mantuwa daban, mugunta daban. Kuma ajiye guba da kananzir da ashana aikin manya ne, ba a ɗora wa yaro wannan kaya. Ku kuma iyaye, in wannan littafi ya shiga hannunku, kada ku daki yaron da ya faɗi gaskiya. In kun dake shi yau, gobe ƙanensa zai sha wani abu, shi kuma tsoro ya hana shi faɗa sai lokaci ya ƙure.

Wani zai ce: «Ƙaddara ce, kwananta ne ya ƙare.» Haka ne, kowane rai da ajalinsa. Amma wannan maganar ta kwantar da zuciya ce, ba ta hana a ɗauke guba daga ƙasa ba. Mai cewa ƙaddara shi ma yana kulle akuyarsa da dare.

Mushen kuma kada a jefa shi a juji, balle cikin magudanar ruwa inda mutane suke ɗiba, dabbobi suke sha. Kare ko shirwa ko ungulu da ta ci shi, ita ma guba ta kama ta. A kira babba, ya sa hannunsa cikin leda, ya ɗauka. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a ɗora dutse. Idan ta yi amai cikin ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, yara su fita, kada a kai hanci kusa, domin aman baƙin garin nan yana fitar da iskar da take cutar mutum. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu. Yaron ya tsaya ya ga an binne ta in yana so, hakan yakan sanyaya masa rai.

Daga nan sai aikin da na fi so. Ka ce wa Baba: «Baba, don Allah zo mu zagaya gida.» Ka durƙusa bisa gwiwa da hannu kamar mai rarrafe, ka bi ɗaki ɗaki. Duk abin da idonka ya gani daga nan ƙasa, kyanwa da jariri sun riga ka ganinsa. Kada ka taɓa, nuna kawai. Maganin ƙwari ya koma sama, cikin akwati mai kwado, nesa da abinci, kuma ya zauna cikin mazubinsa na asali. Ko ba ka iya karanta rubutun jikinsa ba, Larabci ne ko Faransanci, kana iya karanta hoto: ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye yana nufin mutuwa, jan layi a gindin takarda yana nufin guba mafi ƙarfi. Jarkar da maganin ya ƙare a cikinta tana da kyau da ƙwari, mata suna sha'awarta don ruwa ko man girki. Wanki ba ya fitar da gubar duka. A huda ta kawai, don kada wani ya yi kwaɗayinta.

Idan kuwa tsautsayi ya riga ya auku, mutum ya sha guba, a ruga asibiti da shi nan da nan, a tafi da kwalbar ko takardar maganin don likita ya gani. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura madara ko mai. Wanda ya sha kananzir kada a sa shi amai ko kaɗan, domin kananzir ɗin zai gangara huhu.

Yaran Jazira sun sami wani sabon haɗari da kakanninsu ba su sani ba. Yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afirilu 2023, ya kai Wad Madani cikin Disamba na shekarar. Mutane masu yawa suka bar gidajensu da dabbobinsu suka gudu. Waɗanda suka koma daga baya, wasu sun tarar da harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a tsakar gida da gona. Dokar ɗaya ce da ta guba: ƙarfen da ba ka sani ba, kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse, koma ta inda ka zo ka kira babba.

Maƙwabta za su kawo wa yarinyar ɗan kyanwa, don a ƙauye ba a rasa shi. In ta ce ba ta so tukuna, a ƙyale ta, sabuwa ba ta zama waccan. In ta karɓa, kafin a sauke shi ƙasa ta je ta duba kusurwar ɗakin hatsi ko an kwashe tsakin nan, ta kuma ɗora faifai a bakin randa, ta danne shi da dutse.