Garaɓasar Banki

Kawuna mai fataucin albasa tsakanin Bagudo da Lolo, can bakin iyakar Benin, ya canja banki sau uku cikin shekara guda, wai don kowanne ya yi alkawarin garaɓasa ga wanda ya buɗe sabon asusu. Ni dai a ganina wannan ba dabara ba ce. Kuɗin motar zuwa Birnin Kebbi cike takardu kaɗai ya cinye abin da aka ba shi, balle kuɗin kati da na saƙon waya da ake yanka masa. Abin da ya fi damuna, bai taɓa tambayar ƙarfin bankin ba. A 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, hukumar NDIC kuwa naira miliyan 5 ta lamunce wa kowane mai ajiya. Cinikin kawu na rani ɗaya ya wuce haka.