Kora ba ta sauke hakkin talaka

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani, ya 'yan'uwa malamai da almajirai, maganata a kan Hukumar Shige da Fice ce ta ƙasar nan, wadda aka cire daga cikin 'yan sanda a 1958, ita ke ba da fasfo, ita ke tsaron ƙofofin Jibiya da Illela da Maigatari. Babu mai niyyar Hajji ko karatu a Masar ko fatauci a Maraɗi face sai ya bi ta hannunta.

A 2021 shugabanta na riƙo, Isah Jere Idris, ya ɓad da kama ya shiga ofishin fasfo na Ikoyi cikin Ikko kamar mai nema, sai ma'aikatansa da 'yan kamasho suka yanka masa kuɗi fiye da ƙa'ida, ba su gane shi ba. A 2023 kuma hukumar ta sanar ta kori mutum 8, wasu 80 suna gaban bincike saboda tatsar masu neman fasfo. Mutane suka ce madalla. Ni ma na ce madalla, amma ina da tambaya: ina kuɗin?

Hukuncinsu ga shi: gargaɗi, ko rage girma, ko ritayar dole, ko kora. Duka wannan tsakanin ma'aikaci ne da wanda ya ɗauke shi aiki. Amma tsohon da ya sayar da tumakinsa, aka karɓe masa rabi a bakin taga, ba a kira shi ba, bai ji sunan wanda aka kora ba, bai ga ko sisi ba. An hukunta saɓa wa ofis, an bar zaluntar bawan Allah. Kowane almajiri da ya kai babin gasabu cikin Risala ya san wanda ya karɓi dukiya da ƙarfi lamuninta yana wuyansa har ya mayar. Ta'aziri daban, mayar da hakki daban, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Kadan ka ce: ai mai bayarwa ma mai laifi ne, don me za a mayar masa? Na ce: ka rarrabe. Wanda ya ba da toshiya don a yi masa fasfo da sunan ƙarya, shi da mai karɓa duka a kama su. Amma wanda takardunsa suka cika, aka danne su wata uku har jirgin alhazai ya kusa tashi, wannan hakkinsa ya fansa, malamai sun sauƙaƙa masa, zunubin yana kan mai karɓa.

Kadan ka ce: goro ne aka ba shi da daɗin rai. Na ce: wannan ita ce hujjar Ibnul Lutbiyya da aka aika karɓar zakka ya komo ya ware wani abu ya ce kyautarsa ce, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya hau mumbari ya yi inkarinta a gaban jama'a. A gaban jama'a, ku lura, ba cikin ɗaki ba. Sayyidina Umar kuwa ya kan ƙididdige dukiyar gwamna ranar naɗi, kadan ta ƙaru ba bisa dalili ba ya raba ta. Shehu Usmanu ma ya lissafa gaisuwar masu mulki cikin al'adun zalunci a Kitabul Farƙi.

To abin da muke nema ga hukumar da majalisar da ke ladabtar da manyan ma'aikatanta: a karanta sunan wanda laifi ya tabbata a kansa da girmansa, babba ne ko ƙarami, a kira wanda aka cuta ya ba da shaida, a cire kuɗinsa daga hakkin sallamar ma'aikacin kafin a biya shi, a tambayi wanda ke bisa shi nawa ya kan kai masa.

Ku kuma limamai, kadan korarre ya zo da gudummawar ginin masallaci, ku tambaye shi ya mayar wa masu shi tukuna. Wassalamu.