Ɗan Kwaleji Da Ubansa

Ya ku 'yan makaranta, ga wata magana mai ɗaci, amma ku daure ku haɗiye ta. Akwai wata cuta da takan kama yaron da ya fara shiga kwaleji a gidansu, watau jin kunyar ubansa. Ran da za shi, tsohon ya sayar da akuya ya haɗa masa guzuri, uwa ta kwana tana suyar ƙuli-ƙuli. Da ya dawo hutun fari, sai ka gan shi tsaye ƙiƙam a zaure, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, yana gaisuwa rabi Hausa rabi Turanci. In abokan karatunsa suka biyo, sai ya tarye su can bakin hanya, don kada su ga dangar kara. Assha!

Na san hujjarku. Kun ce kun sha wuyar da babu wanda ya san ta a gida. Gaskiya ne. Ɗan malamin makaranta, in lissafi ya gagare shi, yana da wurin tambaya. Kai kuwa ka bar gida babu mai iya gaya maka ko yadda ake zaman jarrabawa. A kwaleji a ce maka baƙauye, a gida a ce maka Bature. Wannan kaɗaici ne na gaske, ban raina shi ba. To, amma don me za ka huce a kan tsohon? Shi da ya saki hannun da zai taya shi noma, ya riƙe fartanya shi kaɗai shekara da shekaru?

Sa'an nan wai har kuna kiransa jahili. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, amma ya tarar da hasumiyar Gobarau tana tsaye tun ɗaruruwan shekaru, kuma Ɗan Marina da Ɗan Masani sun karantar a birnin tun ƙarni na 17. Uban da ke rubuta maka wasiƙa da ajami, daga wannan rijiya ya sha. Wanda bai yi nisa a allo ba kuwa, ai ya san ƙasar gero da ta dawa, ya san ruwan shuka da na yaudara. Kai ka sani?

Ku dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba ɗan sarki ba ne, ubansa bara ne na hakimin Lere a ƙasar Bauchi. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fita a 1933, Turancinsa har Turawa sun sara masa. Duk da haka, da ya tashi rubuta littafi, da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga a 1934, gwarzon labarin kuma malamin zaure ne. Wannan bai hana shi zama Firayim Minista a 1957 ba. Kai da ba ka ko gama aji biyu ba, me ka taka?

Saboda haka in hutu ya zo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gai da tsohon. Ka shigo da abokanka har zaure su gaishe shi. Ka zaunar da ƙannenka ka koya musu abin da ka rasa mai koya maka, domin kai ne na fari, kada ka zama na ƙarshe. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Allah ya sa mu gane, amin.