Folik asid ba zai maye gurbin maganin hawan jini ba

A kemis-kemis ɗin Angwan Iya da sauran unguwannin Keffi, folik asid na cikin ƙwayoyi mafi araha, kuma jama'a sun fi saninsa da maganin ƙarin jini. Ana kuma faɗin cewa yana wanke jijiyoyin jini, har ya kare mutum daga bugun zuciya. Maganar tana da tushe, sai dai an kai ta inda bincike bai kai ba. A 1969 wani likitan Amurka, Kilmer McCully, ya lura cewa yaran da aka haifa da larurar taruwar sinadarin homosistin a jini, jijiyoyinsu kan lalace tun suna ƙanana. Da yake folik asid da bitamin B12 ne ke taimaka wa jiki sarrafa wannan sinadari, sai aka yi zaton rage shi zai rage ciwon zuciya. A 2006 sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, NORVIT da HOPE-2, ya fito: homosistin ya sauka, bugun zuciya kuwa bai ragu ba.

Mai ja da wannan zai kawo binciken ƙasar Sin na 2015, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Masu hawan jini fiye da 20,000 aka bibiya, aka tarar waɗanda aka ƙara wa folik asid shanyewar ɓarin jiki ta ragu musu da kashi 21 cikin ɗari. To amma dukansu suna shan enalapril, maganin hawan jini, ba wanda aka ɗauke wa shi. Kuma mutane ne da ba a ƙara wa garin abincinsu wannan bitamin. Mai yiwuwa ne mu ma mu amfana, musamman gidajen da ake dafa alayyahu da zogale har su narke, domin doguwar dahuwa na lalata bitamin ɗin da ke cikinsu. Wannan dalili ne na tuntuɓar likita, bai zama lasisin ajiye magani ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne magidancin da tsadar magani ta ishe shi, ya koma ga ƙwaya mai araha yana ganin ya tsira, jininsa kuwa na ta hawa bai sani ba. Yawan shan folik asid ba bisa ƙa'ida ba ma kan rufe alamun ƙarancin B12, har jijiyoyin laka su taɓu.

Inda amfaninsa ya tabbata shi ne ga matan da ke shirin ɗaukar ciki: maikirogiram 400 a kullum, tun kafin cikin ya shiga, yana rage haihuwar jarirai masu tawayar laka da ƙwaƙwalwa ƙwarai. Mai hawan jini kuwa ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko asibitin da ya fi kusa a auna shi, ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya riƙa shan maganinsa ba fashi.